Kafin ka ce suwic ɗin firesha ya lalace, ɗaura geji tukuna

A satin nan kaɗai sau biyu ina buɗe murfin na'urar sanyaya in tarar an cire wayoyin suwic ɗin firesha, mai kashe inji in matsin gas ya kauce, an murɗe su waje ɗaya an naɗe da tef, wato an yi masa dairek ke nan. Duka biyun da na tambayi dalili amsar ɗaya ce, wai suwic ɗin ne ya ishe su yana ta kashe musu inji. Na farkon ɗakin sanyi ne, kwamfiresonsa, injin da ke matsa gas, ya riga ya ƙone, kana buɗe fayif warin ƙonannen mai zai dake ka. Na biyun iyakwandishan ne babba, shi Allah ya sa an kira ni da sauran numfashinsa. Abin ya tsaya min a rai gaskiya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani a kan wannan ɗan ƙaramin abu, ko wani abokin sana'a ko yaro mai koyon aiki zai amfana.

Shi fa suwic ɗin nan ba wani abin mamaki a cikinsa. Akwai wani ɗan gwangwani mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zugazugi, gas yana tura shi ta gefe ɗaya, sifirin yana danne shi ta ɗaya gefen, duk wanda ya rinjayi ɗan uwansa sai kwantak ya buɗe ko ya rufe, shi ke nan. Iri biyu ne, na ƙasa da na sama. Na ƙasa ana ɗaura shi a layin sakshan, inda gas ke dawowa kwamfireso, in firesha ta faɗi ƙasa da inda aka sa masa sai ya yanke. Na sama kuma a layin discaj yake, inda gas ke fita da zafi zuwa kwandensa mai fitar da zafin waje, shi in firesha ta wuce gona da iri yake yankewa. Akwai wanda aka haɗa su biyun a gida ɗaya, irin KP15 na kamfanin Danfoss da kusan duk mai aikin ɗakin sanyi ya sani. To abin da nake so a riƙe shi ne, duk lokacin da ya yanke labari yake ba ka, kuma a iya shekarun da na yi ina aikin nan, yawancin lokaci gaskiya yake faɗa, cutar tana wani wuri daban.

Bari in fara da zaɓe, don nan ne ake fara ɓata rawa da tsalle. Tambayar farko kafin ka sayi kowane suwic ita ce wane gas ne a cikin na'urar, ka je ka karanta farantin da ke jikinta da idonka kar ka yarda da an ce. Kowane gas da nasa matsin. A digiri 0, R134a yana wajen bar 1.9 a geji, wato agogon auna matsi, R22 yana wajen bar 4, shi kuma R410A yana wajen bar 7. A digiri 40 kuwa R134a bai wuce bar 9 da ɗan wani abu ba, R22 wajen 14, R410A ya haura 23. Ga masu aiki da psi, bar 1 daidai yake da psi 14.5, in kuma ka ga an rubuta MPa a jikin suwic to MPa 1 bar 10 ne. Kalli tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobin, sai ka gane me ya sa ba zai yiwu ka ciro suwic daga tsohuwar na'ura ka liƙa a sabuwa don kawai zarensu ya zo ɗaya ba.

Misali suwic na ƙasa da aka saita ya yanke a bar 2. A kan R22 wannan ya yi daidai da wajen digiri 15 ƙasa da sifili, ba laifi a matsayin kariya ga iyakwandishan. Ka ɗauke shi ka sa a na'urar R134a mai aiki a wajen digiri 0, lafiyarta ƙalau amma zai dinga kashe ta duk bayan 'yan mintuna, mai ita ya yi ta ƙara gas har ya cika mata ciki. Ka sa shi kuma a R410A, kafin firesha ta sauko bar 2 ai gas ɗin ya kusa ƙarewa, kwamfireso ya daɗe yana shan wahala suwic yana kallo. Haka ma na sama. KP5 iyakarsa daga bar 8 zuwa 32 ne, ya wadatar da R22 da R404A da R134a, amma R410A in kwandensa ta kai digiri 50 yana wajen bar 30, ta ƙara ɗan zafi ya wuce 32, ka ga ranar da rana ta buɗe sosai lafiyayyen inji zai yi ta tirif. Shi ya sa aka yi masa nasa irin KP6 mai kaiwa bar 42, kuma yawancin iyakwandishan masu R410A suwic ɗinsu na sama a wajen psi 600 yake yankewa. R32 ma matsinsa kusan ɗaya da R410A, har ya ɗan fi shi kaɗan. Tun da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara janye tsofaffin gas, sannan gyaran Kigali na 2016 ya biyo baya, kullum sabon gas ake fitowa da shi, don haka lambobin da mutum ya haddace lokacin yana koyon aiki ba lallai su yi masa aiki a na'urar da ke gabansa yau ba, a dinga duba jadawalin matsi da zafi na gas ɗin, yanzu har a waya ana samunsa.

Sai maganar amoniya, ga masu shiga manyan masana'antu. Amoniya tana cin tagulla, suwic na gama-gari kuwa zugazuginsa da fayif ɗinsa da tagulla a ciki, don haka nata daban ne, na ƙarfe, a Danfoss za ka ga an ƙara harafin A a ƙarshe kamar KP1A da KP5A. Masu kama wuta kuma irin R290 da R600a, kwantak mai tartsatsi a fili bai dace da su ba, a bi abin da kamfanin da ya ƙera na'urar ya ce kawai.

Abu na biyu, mai dawowa da kansa ko mai jiran a danna masa risat. Ni a ra'ayina na sama ya kamata ya zama na hannu a duk inda babu mai tsaron inji. Dalilina, in fankar kwandensa ta mutu da dare kuma suwic ɗin otomatik ne, inji zai tashi, firesha ta hau, ya yanke, ta sauko, ya sake tashi, haka zai kwana yana yi har gari ya waye, kowane tashi kuma wuta mai yawa yake ja, wayar cikinsa na daɗa zafi, mai na daɗa dahuwa. Na hannu kuwa in ya yanke ya tsaya ke nan sai mutum ya zo ya duba. Na san masu kaya ba sa son haka don suna tsoron kayansu su narke, amma gara a haɗa masa ƙararrawa ko fitila, tunda yawancin irin KP suna da ƙafar waya ta uku da aka tanada don haka. Na ƙasa shi yawanci otomatik ne, musamman in ana famdawun da shi, wanda zan yi bayaninsa a gaba, wannan dole ya dawo da kansa.

Akwai kuma ƙananan nan masu kama da murfin kwalba da wayoyi biyu, waɗanda ba a saita su, an riga an rubuta inda suke buɗewa da inda suke rufewa a jikinsu. Su ne a yawancin iyakwandishan. In za ka canza irinsu nemo mai lambobi iri ɗaya, duka biyun, na buɗewa da na rufewa, ka kuma duba shin a rufe yake zama ko a buɗe, don na kunna fanka kamarsu ɗaya da na kariya amma shi rufewa yake in firesha ta hau, ka ga in ka musanya su ka juya aikin gaba ɗaya. Kuma kwantak ɗinsu ƙarami ne, an yi shi ne don ya ja kwantakta, babban suwic mai kunna kwamfireso, ko ya ba bod, wato allon kwantarol, sigina, kar ka bi da wutar kwamfireso ta cikinsa, zai narke ya manne, suwic ɗin da ya manne kuwa da shi da dairek duk ɗaya.

To yanzu saiti, wanda shi ne ya fi rikita mutane, kuma nan zan ɗan daɗe. A irin KP1, wanda na ƙasa ne, akwai sikeli biyu, wato jerin lambobin saiti, ɗaya daga bar 0.2 ƙasa da sifili zuwa 7.5, ɗayan kuma na tazara daga 0.7 zuwa 4. Mutane da yawa sun ɗauka babban sikelin shi ne inda inji zai mutu. A'a, a suwic na ƙasa mai dawowa da kansa babban sikelin inda inji zai TASHI ne, inda zai mutu kuwa sai ka cire tazara daga ciki. Ka sa babba a 3, tazara a 2, zai tashi a 3 ya mutu a 1. A na sama kuma akasin haka ne, babban sikelin inda zai mutu ne, in ka cire tazara ka samu inda zai dawo. Na sha tarar da wanda aka sa babba a 1 tazara a 2, lissafa ka gani, wai sai firesha ta kai bar 1 ƙasa da sifili zai yanke, cikakken bakyum ke nan, wato babu ko iska a ciki, inda inji ba zai taɓa kaiwa ba. Ga suwic a ɗaure ga waya a haɗe komai tsaf a ido, amma ba ya kare komai.

A famdawun abin ya fi buƙatar natsuwa. Yadda yake, tamostat ba ya kashe kwamfireso kai tsaye, soloniyod, bawul mai aiki da wuta da ke layin ruwan gas, yake rufewa, kwamfireso ya ci gaba da zuƙe gas daga ibaforeta, ɓangaren da ke ba da sanyi, yana tara shi a risiba, tankin ajiye gas, har firesha ta faɗi suwic na ƙasa ya kashe shi, amfanin haka kar gas ya kwanta cikin mai lokacin da inji ke hutawa. Ɗauki ɗakin daskarewa mai R404A da ke zama a digiri 20 ƙasa da sifili. A wannan sanyin matsin gas ɗin bai wuce bar 2 ba, to in ka sa wurin tashi a 2.5, soloniyod zai buɗe amma firesha ba za ta kai ba sai ɗakin ya yi ɗumi sosai, mai ɗaki ya kira ka ya ce inji ya ƙi tashi. Ni nakan sa tashi a wajen 1.5, tazara 1.2, ya mutu a wajen 0.3, sama da sifili dai ko yaya. Ba na yarda ya shiga bakyum, don in akwai ɗan yoyo a gefen sakshan iska da danshi zai zuƙo ciki, kuma kwamfireso irin sikurol in ya yi aiki cikin bakyum mai zurfi wuta na iya yin tsalle a tsakanin ƙafafun wayarsa na ciki ta lalata shi nan take. In kuma ka ga bayan ya mutu firesha na hawa da sauri yana sake tashi kowane minti biyu, kar ka kama murɗa tazara, soloniyod ne ba ya rufewa da kyau ko bawul ɗin cikin kwamfireso na dawo da gas baya.

Wani abu kuma, sikelin nan na jiki nuni ne kawai, kusa-kusa yake faɗa. Saitin gaskiya da geji ake yinsa. Na ƙasa ka rufe bawul ɗin risiba a hankali ka ga lambar da ya yanke, ka buɗe ka ga inda ya dawo. Na sama ni na fi son in gwada shi a kan tebur da kwalbar naitirojin da regileta, mita na kan kwantak ina ƙara matsi kaɗan-kaɗan har in ji ƙas. Naitirojin fa na ce. Kar wanda ya kuskura ya yi da oksijin na walda, oksijin da mai in sun haɗu cikin matsi fashewa suke yi, an rasa rayuka ta haka.

Yanzu a ce an kira ka inji na tirif. Abu na farko geji, ja da shuɗi duka, kafin ka taɓa ko da sukuru ɗaya. Danna risat ka tsaya kana kallon allura. In ja ta hau ta kai inda aka saita sannan ya yanke, to suwic ya yi aikinsa, juya ka kalli kwandensa. Ƙura da datti sun toshe ta ne, ka haska fitila ta baya ka ga ko haske na wucewa. Fanka na juyawa da ƙarfinta ko kafasito ya yi sanyi tana jan ƙafa, ko an juya mata waya tana hura iska baibai, wannan yana faruwa sosai a masu layin wuta uku. An matse na'urar jikin bango ko an rufe ta da rumfa tana shaƙar zafin da ta fitar. In mai ruwa ce famfon na tura ruwa kuwa, fayif ɗin bai yi tsatsa da gishiri ba. In duk wannan lafiya, sai ka yi tunanin an cika gas da yawa, ko iska ta shiga saboda wanda ya yi aikin bai yi bakyum ba. Gane iska ba wuya, kashe kwamfireso ka bar fanka ta huce kwandensa har zafinta ya zo ɗaya da na waje, sai ka gwada da jadawali, a digiri 30 R22 ya kamata ya nuna wajen psi 158, R410A wajen 260, R134a wajen 97, in ka ga ya ɗara haka sosai akwai baƙon abu a ciki. Ɗakin sanyin da na ce ya ƙone ɗin nan, kafasiton fanka ne kawai ya mutu, ƙaramin abu da ake canzawa cikin minti goma, amma aka canza suwic har sau biyu, da na biyun ma ya ci gaba da faɗin gaskiya aka rufe masa baki.

In na ƙasa ne ke yankewa, kowa gas yake fara cewa, kuma sau da yawa hakan ne, amma gas ba ya ƙarewa da kansa, in ya ragu akwai inda yake fita, nemo wurin da kumfar sabulu ko na'urar shinshina, ka duba inda mai ya yi naso a jikin fayif. Amma ba kullum yoyo ba ne. Taɓa diraya, matatar da ke tsotse danshi a layin gas, da hannu, in mashigarta da ɗumi mafitarta da sanyi ta toshe. Duba ibaforeta ko ƙanƙara ta rufe ta saboda hitar narkarwa ta mutu, ko fankarta ta tsaya, ko matatar iska ta cika da datti. Bawul ɗin faɗaɗawa ma, mai sakin gas zuwa ibaforeta, in ɗan kwalbarsa ya zubar da abin da ke ciki rufewa yake yi ruf. Akwai kuma mai wasan ɓuya, inji ya yi aiki lafiya na ɗan lokaci sai firesha ta faɗi, ka kashe ya huta ya dawo daidai, wannan danshi ne ke daskarewa a bakin kafilari, siririn fayif mai sakin gas, ko bawul, maganinsa sabuwar diraya da bakyum mai kyau. Duk waɗannan in ka ƙara musu gas ka ƙara wa kanka aiki ne, gobe na sama zai fara yankewa. Kuma a tuna yawancin kwamfireso gas ɗin da ke dawowa ne ke sanyaya musu mota, shi kuma ke dawo da mai, to wanda ya yi wa suwic na ƙasa dairek alhali gas ya ragu ya hana injin abin da ke sanyaya shi ya kuma hana shi tsayawa.

Ban ce suwic ba ya lalacewa ba, yana yi. Alamarsa ita ce geji na faɗin abu ɗaya shi yana yin wani. Firesha daidai amma kwantak a buɗe. Gwada shi da wuta a kunne, in a rufe yake mita za ta nuna kusan sifili tsakanin ƙafafunsa biyu, in a buɗe yake za ka ga cikakkiyar wutar kwantarol, bolt 24 ko 220 gwargwadon na'urar. In ka ga wata lamba a tsakiya tana rawa kwantak ya ci wuta. Amma ko a nan kar ka yi saurin jefar da shi, duba hanyar da gas ke bi ya iso gare shi. Na taɓa shan wahalar wani da aka ɗaura sabo fil ya ƙi rufewa, ashe bakin da aka ɗaura shi irin mai fin ne kamar bawul ɗin taya, shi kuma suwic ɗin ba shi da ɗan ƙarfen da ke danna fin ɗin, ko kaɗan gas bai taɓa shi ba. A na ƙasa wannan da sauƙi tunda inji zai ƙi tashi ka gane, a na sama ne abin tsoro, zai zauna a rufe har abada kowa na ganin akwai kariya. Haka siririn fayif ɗinsa, in an ɗauko shi daga ƙasan layi mai da datti za su cika shi ya dinga jinkirin ji, daga saman fayif ake ɗauka, a yi masa ɗan naɗi saboda girgiza, kar a bar shi yana gogar ƙarfe don zai huje. Na sama kuma a ɗaura shi inda babu bawul tsakaninsa da kwamfireso, yadda ko an manta bawul ɗin discaj a rufe zai ji. In na walda ne a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, zafi na canza masa saiti.

Manyan kwamfireso masu famfon mai irin na Bitzer da Copeland suna da nasu suwic na mai, kamar MP54 da MP55. Shi bambanci yake aunawa tsakanin matsin famfon mai da matsin cikin kwamfireso, kuma yana da jinkiri, wani daƙiƙa 45 wani 60 ko 90 ko 120, don ya ba famfo lokaci bayan tashi. In ya yanke duba gilashin mai, in ka ga kumfa gas ne ya kwanta a ciki, duba hitar ƙasan kwamfireso. Wannan kam danna masa risat sau uku ba tare da bincike ba ya isa ya cinye ƙarfen ciki.

Sababbin na'urori masu inbata da yawa sensa suke amfani da ita, mai waya uku, bod na ba ta bolt 5 ita kuma tana mayar da tsakanin 0.5 zuwa 4.5 gwargwadon matsi, a manyan injina kuma akwai mai miliamfiya 4 zuwa 20. Ita ba a gwada ta da neman buɗe ko rufe, kuma haɗe wayoyinta na iya ƙona bod. Ka auna abin da take fitarwa ka gwada da geji, in firesha na tsakiyar iyakarta ya kamata ka ga wajen bolt 2.5, in ka ga sifili ko 5 cif to waya ta tsinke ko sensar ta tafi.

Iyakwandishan ɗin nan na biyu da na samu da rai, yoyo ne a filaya, wato mahaɗar fayif, ta layin sakshan, na sake filaya, na gwada da naitirojin, na yi bakyum, na auna gas da sikeli kamar yadda farantin ya ce, na mayar da wayoyin suwic ɗin da aka cire inda suke. Tsohon suwic ɗin ne dai, ban canza shi ba, na gwada shi ya yanke daidai inda aka rubuta a jikinsa. Kafin in rufe murfi na rubuta da alƙalamin maka a ciki, sunan gas, inda yake yankewa, inda yake dawowa, da ranar da na gwada, don wanda zai buɗe bayana ya samu abin da zai gwada gejinsa da shi.